Yawon Buɗe Ido da Ɗan Riƙo Sabon Karɓa a Babban Birnin Ƙasar Waje

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi ba, wato halin da ƙaramin yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yake shiga idan mariƙansa sun je wata ƙasa sun karɓo shi, sannan suka ɗauke shi yawon buɗe ido a babban birnin ƙasar tun bai gama sanin fuskokinsu ba. Na daɗe ina aiki a tsakanin yaran da suka tashi ba a hannun mahaifansu ba, kuma ra'ayina shi ne kada a auna irin wannan yawo da yawan wuraren da birni yake da su, a auna shi da abin da yaron zai iya ɗauka, wanda a kwanakin farko kaɗan ne ƙwarai.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ke kawo wannan zama, domin ba a karɓar yaro a wata ƙasa yau a hau jirgi gobe. Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ta tsara yadda ake ɗaukar yaro riƙo daga wata ƙasa zuwa wata, ta shardanta cewa sai hukumomin ƙasashen biyu sun amince, kuma sai an fara duba yiwuwar sama wa yaron gida a ƙasarsa ta haihuwa. Bayan an miƙa shi ga mariƙa akwai hukuncin kotu ko rajista, akwai fasfo, akwai gwajin likita, akwai biza, kowanne da ranarsa da ofishinsa, kuma a tsakaninsu akwai kwanakin da babu abin yi sai jira. A Kolombiya wannan zama yakan ɗauki makonni. A Maroko, inda dokar 2002 ta tsara riƙon yara a bisa kafala, wato riƙo irin na shari'ar Musulunci, ba a fita da yaro ya zauna a wata ƙasa sai da izinin alƙali. Mutumin da ya kashe dukiya ya ketare teku, ya kuma sami kansa zaune a ɗakin otal alhali birni guda yana kiransa ta taga, ba abin mamaki ba ne idan ya ce bari a fita a ga gari. Ban ga laifinsa ba. Abin da nake ja a kai shi ne irin fitar da kuma tsawonta.

Babu birnin da ya ga wannan al'amari kamar Guangzhou na kudancin ƙasar Sin. Daga 1992, lokacin da dokar riƙon yara ta ƙasar ta fara aiki, har zuwa watan Satumba na 2024 da gwamnati ta sanar da dakatar da bai wa 'yan ƙasashen waje yara in ba dangi ba, sama da yara 160,000 ne aka kai ƙasashen waje, kusan rabinsu zuwa Amurka. Da yake ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Guangzhou ne kaɗai yake ba da bizar yaran da za a kai Amurka a lokacin, daga duk lardin da aka karɓo irin wannan yaro sai an biyo da shi ta nan. Shekara da shekaru iyalai sun yi ta sauka a otal ɗin White Swan da ke tsibirin Shamian, wani ɗan ƙaramin yanki a bakin kogin Lu'ulu'u wanda Turawan Ingila da Faransa suka riƙe tun ƙarni na 19, suka bar tsofaffin gine-gine da hanyoyi masu inuwar manyan itatuwa. Birnin yana da mutum sama da miliyan 18, yana da hasumiyar Canton mai tsawon kusan mita 600 wadda aka buɗe a 2010, yana da katafaren gandun namun daji na Chimelong, da masallacin Huaisheng wanda yake cikin mafiya daɗewa a ƙasar Sin. Amma idan aka duba da idon yaro ɗan wata goma sha takwas, duk cikinsu babu wanda ya kai wannan ɗan tsibiri amfani, saboda motoci ba su da yawa a cikinsa, akwai wurin zama, kuma ana iya komawa ɗaki cikin 'yan mintoci idan kuka ya tashi.

Dalilin da ya sa na faɗi haka yana cikin abin da ya faru da yaron 'yan kwanaki kafin a fara maganar yawo. Ga mariƙa ranar karɓa ranar farin ciki ce da suka yi shekaru suna jira. Ga yaro kuwa ranar rashi ce. A cikin sa'a guda ya rabu da matar da ta saba yi masa wanka, da gadon da yake kwana a kai, da yaran da yake jin motsinsu cikin dare, da ƙamshin ɗakin, da harshen da ake kiran sunansa da shi, aka sa shi a hannun mutanen da wataƙila ko launin fatarsu bai taɓa gani ba. Ba ya da shekarun da za a yi masa bayani ya gane, ba shi kuma da kalmomin da zai tambaya. Likitan ƙwaƙwalwar yara na Ingila, John Bowlby, tare da abokin aikinsa James Robertson, sun bayyana tun farkon shekarun 1950 cewa ƙaramin yaron da aka raba da wadda ya saba da ita yakan bi matakai uku: ya fara da turjiya da kuka mai tsanani, sannan ya yanke ƙauna ya yi shiru, daga baya kuma ya nuna kamar bai damu da kowa ba. Mataki na biyun nan shi ne ya fi ruɗar mutane. Mariƙa sukan ga yaro yana zaune shiru a cikin keken da ake tura shi, ba ya kuka, ba ya neman sauka, an zaga da shi gidan tarihi da kasuwa da hasumiya bai ce uffan ba, sai su yi ta yabon haƙurinsa su ƙara wa shirin gobe wuri biyu. Sau da yawa wannan shiru ba na natsuwa ba ne, na yaron da abin ya fi ƙarfinsa ne har ya daina neman taimako. Idan aka lura za a ga idonsa ba ya bin komai, jikinsa ya saki ko ya sandare, yana tsotson yatsa ba ƙaƙƙautawa, ko yana kaɗa jikinsa gaba da baya kamar yadda yaran gidan marayu da yawa suke yi don lallashin kansu.

A ƙara da cewa yaron da ya tashi a gidan marayu duniyarsa ba ta wuce ɗaki ɗaya ko biyu da ɗan fili ba. Mai yiwuwa tafiyar da aka yi da shi ranar miƙa shi ita ce shigarsa mota ta farko. Bai san matakalar lantarki ba, bai san jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, bai san tururuwar mutanen da ke fita daga tasha da yamma ba, bai san ƙarar lasifika da walƙiyar allunan talla ba. Abin da babba yake kira ƙayatarwa yana zubo wa irin wannan yaro ne kamar a ce an kafa masa bakin tulu ana so ya shanye a zama ɗaya. Sakamakon ba lallai ya bayyana nan take ba, sai an koma masauki sannan a ga ya ƙi abinci, ya ƙi barci, ya farka tsakar dare yana ihun da ba a iya shawo kansa, mariƙa kuma su rasa abin da ya jawo.

Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki tare da Bowlby, ta nuna cewa ƙaramin yaro ba ya sakin jiki ya bincika abin da ke kewaye da shi sai yana da wani babba da ya amince da shi, wanda zai riƙa waiwayowa yana gani, ya ruga gare shi idan ya tsorata. Yaron da aka karɓa shekaranjiya bai da wannan madogara tukuna, ita ake ƙoƙarin ginawa. Binciken da aka fara a Bukarest ta ƙasar Romaniya a shekarar 2000, wanda ya bibiyi yara 136 daga gidajen marayu, ya gano cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi saurin ƙulla wannan amincewa fiye da waɗanda aka jinkirta. Abin da na fahimta daga nan shi ne waɗannan makonni na farko suna da tsada, kuma babban aikin da ke cikinsu shi ne yaron ya gane cewa hannun da ya ba shi abinci da safe shi ne zai ba shi da rana, shi ne kuma zai tarar idan ya farka. Duk fitar da ta taimaki wannan aiki a yi ta, wadda ta kawo masa cikas a ajiye ta.

Ba ina cewa a kulle kai a ɗaki ba ne, domin hakan ma yana da nasa illa. Yaron da ya fara tafiya yana bukatar fili, kuma mariƙan da suka kwana uku suna kallon bango guda tare da yaro mai kuka haƙurinsu zai ƙare, shi kuwa haƙurin nasu shi ne jarin da yaron ya fi bukata. Akwai ma yaran da ba sa yin shiru sai an fita da su iska ta buge su. Shawarata ita ce a bar kwana biyu ko uku na farko ba a wuce harabar masauki ba, sannan a fara fita sau ɗaya a yini, da hantsi kafin rana ta yi zafi, zuwa wuri ɗaya tak wanda yake kusa, a dawo kafin lokacin barcinsa na rana. Lambun shaƙatawa mai ciyawa da tattabaru, ko bakin tafki mai kifaye, ko filin wasan yara a lokacin da babu cunkoso, sun fi duk wata fadar sarakunan da ake bin dogon layi kafin a shiga. Idan wurin ya yi masa daɗi a koma can gobe da jibi, domin babba ne yake ƙosawa da maimaici, yaro kuwa a cikin maimaici yake samun kwanciyar hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin sa'a 11 zuwa 14 a kowace rana, da motsa jiki na aƙalla minti 180, kuma kada a ɗaure shi wuri guda, a keke ne ko a kujera ko a goye, fiye da sa'a ɗaya a jere. Duk wanda ya ɗora waɗannan alƙaluma a kan jadawalin motar 'yan yawon buɗe ido da ke tashi ƙarfe takwas ta dawo ƙarfe biyar zai ga ba sa haɗuwa ta kowace fuska. Manyan wurare irin Babbar Ganuwar Sin da tsohuwar fadar sarakuna ta Beijin, a lokacin da ake karɓar yara daga ƙasar iyalai da yawa sukan ziyarce su ne kafin ranar karɓar yaron, kuma wannan shi ne daidai.

Tsakanin keken yara da goyo, ni na fi karkata ga goyo ko saɓawa a ƙirji a 'yan kwanakin nan, ana saukewa ana hutawa. A cikin keke yaro yana fuskantar ƙafafun baƙi ne, mariƙinsa yana bayansa ba ya ganinsa, alhali a jiki yana jin ɗumi da bugun zuciya da murya, yana kuma da inda zai cusa fuskarsa idan hayaniya ta ishe shi. Sai dai akwai yaron da ba ya yarda a taɓa shi da farko, ko wanda zai manne wa mijin ya ƙi matar ƙememe, abin da yakan sa mata da yawa kuka a ɓoye. Irin wannan ba a tilasta masa, ana bin sa ne a hankali, kuma ƙin da ya yi wa matar sau da yawa alama ce ta cewa yana riƙe da amanar wadda ta rene shi, wanda yake nuna cewa ya san ƙauna kuma zai iya sake yin ta.

Akwai wata matsala kishiyar wannan wadda yawo a cikin jama'a yake ƙara rura ta. Wasu yaran da suka saba da sauyin masu reno sukan miƙa hannu ga kowa, su hau cinyar duk wanda ya yi musu murmushi, su bi baƙo ba tare da waiwaye ba. Masu kallo sukan ce yaron yana da fara'a, amma masana suna ɗaukar hakan a matsayin alamar cewa bai riga ya bambance nasa da bare ba. An ce ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne, sai dai a waɗannan makonni ya kamata wannan ɗan ya zama na mutum biyu kawai. Mai jagorar yawo da ma'aikaciyar otal da dattijuwar da ta tsaya a lambu tana yi masa wasa duk suna da kyakkyawar niyya, amma ɗauka da ciyarwa da lallashi su tsaya a hannun mariƙa, a ba sauran haƙuri cikin ladabi. Ban da zancen shaƙuwa, yaron da zai bi kowa, wanda bai san sabon sunansa ba balle ya amsa idan an kira, ɓacewarsa a tashar jirgi ba ta bukatar fiye da ƙiftawar ido.

Batun lafiya ba zan tsawaita shi ba, domin na likitoci ne. Ƙaramin jiki yana saurin bushewa idan zawo ya haɗu da zafi, saboda haka a riƙe ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan zawo, a kuma ci gaba da ba yaron irin madara da abincin da ya saba da su maimakon a sauya masa komai a mako guda. A nisanta shi da karnuka da birai. A tuna kuma cewa wani lokaci babban ne zai fara faɗuwa: Bogota, babban birnin Kolombiya, tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 2,600, yaron da aka haifa a can numfashinsa ya saba, mariƙin da ya sauka daga jirgi shi ne zai riƙa haki da ciwon kai, kuma idan ya ce sai ya hau dutsen Monserrate da ya haura mita 3,000 da yaro a kafaɗa, to ya ɗora wa kansa abin da ba a tambaye shi ba.

Takardu kuwa kada a fita ko ƙofar otal ba tare da kwafinsu ba, tare da wata 'yar takarda da aka rubuta da harshen ƙasar mai bayyana cewa hukuma ce ta ba da yaron. Mai karatu ya kwatanta a ransa baƙo yana saɓe da yaron da bai yi kama da shi ba, yaron yana tsala ihu yana ture shi yana kiran wata da harshen da duk masu wucewa suke ji amma shi baƙon ba ya ji. Ɗan sandan da ya tsayar da shi aikinsa ya yi. Ƙasashe sun ƙara sa ido a kan wannan harka ne saboda ɓarnar da aka tafka a cikinta, wadda ta sa majalisar dokokin Habasha ta haramta bai wa 'yan ƙasashen waje yara a watan Janairu na 2018.

Akwai wani yawo guda da nake ganin ya cancanci wahalarsa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta amince wa yaro da haƙƙin kiyaye asalinsa, kuma sashenta na 20, wanda ya ambaci kafala da sunanta, ya ce a yi la'akari da ƙabilar yaron da addininsa da al'adarsa da harshensa yayin sama masa sabon gida. Alƙur'ani ma a cikin suratul Ahzab ya yi umarni da a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Wannan yaro zai girma, kuma ranar da zai yi tambaya ba zai tambayi tsawon hasumiya ba. Zai tambayi sunan matar da ta rene shi, da kamannin titin da gidan yake, da asibitin da aka haife shi ko wurin da aka tsince shi, da waƙar da ake yi masa idan zai yi barci, da sunan da ake kiransa da shi kafin a sauya. Duk waɗannan ana iya samun su a cikin kwanakin jiran nan, bayan shekara ashirin kuwa wataƙila an rushe ginin, ma'aikatan sun watse. A Koriya ta Kudu, wadda ta tura yara kusan 200,000 ƙasashen waje tun bayan yaƙin shekarun 1950, hukumar bin diddigin gaskiya da sulhu ta ƙasar ta bayyana a 2025 cewa an yi ƙarya a takardun yara da dama, har an rubuta masu iyaye a matsayin marayu. Manya ne yanzu suke yawo daga ofis zuwa ofis suna neman abin da hoto ɗaya ko suna ɗaya zai iya warware musu.

Saboda haka idan ɗaya daga cikin mariƙan zai iya zama da yaron a masauki, ɗayan ya fita da mai fassara ya ɗauko hoton unguwar, ya rubuta sunaye, ya naɗi muryar mai renon idan ta yarda, ya nemi kwafin kowace takarda har da wadda ake ganin ba ta da amfani. Ko a kai yaron da kansa gidan marayun ya yi ban kwana, ko kada a kai shi, wannan masana sun saɓa a kai, kuma ni ina ganin ya danganta da yaron, domin wani yakan samu sauƙi idan ya ga mai renonsa ta miƙa shi da hannunta tana murmushi, wani kuwa sai ciwon ya dawo sabo. A kuma koyi kalmomi goma ko ashirin na harshensa, na ruwa da abinci da barci da zo da sannu, a riƙa faɗa masa su a kan hanya. Yaran da aka karɓa a wannan shekaru sukan daina amfani da harshensu na farko cikin 'yan watanni, amma wani bincike da aka wallafa a 2014 daga jami'ar McGill ta Kanada ya nuna cewa 'yan matan da aka ɗauko daga ƙasar Sin suna jarirai, suka tashi da Faransanci kaɗai, ƙwaƙwalwarsu tana amsa karin sautin Sinanci kamar ta masu jin harshen, alhali su ba sa tuna ko kalma ɗaya. Hotuna da labarin da aka tattara kuma a adana su domin mai su, kada a baza su a Facebook, domin tarihin yadda aka rabu da yaro sirrinsa ne, shi ne zai zaɓi wanda zai gaya wa idan ya mallaki hankalinsa.

Malam Edita, akwai ɓangare guda da ya fi ƙarfin sanina na ma'aikaciyar reno, wanda nake roƙon ka nemo likitan yara ya yi wa masu karatu bayaninsa a wani fitowar, wato yadda za a yi da katin rigakafin da aka miƙo tare da yaron idan ranakun da ke jiki suna da shakku, da kuma allurar da ya kamata su kansu mariƙan da mutanen gidansu su yi kafin tafiya, musamman ta ƙyanda da ta ciwon hanta nau'in A, tunda ƙaramin yaro yana iya ɗauke da ciwon hantar ba tare da wata alama ba ya kuma shafa wa manya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taka mai karatu,
Wata ma'aikaciyar kula da yara